Majami'ar Southside ta Tucson da Baƙin da Suka Gina Ta

A kudancin birnin Tucson, cikin jihar Arizona ta ƙasar Amurka, tafiyar kilomita kamar 100 daga iyakar Meziko, akwai wata 'yar majami'a ta Kiristoci mabiya ɗarikar Firesbiteriya wadda ake kira Southside, wadda in da a ce da yawan jama'a ko tsawon hasumiya ko nauyin baitulmali ake auna darajar wuraren ibada, da ba ta shiga lissafi ba ko a cikin garinsu, balle a ƙasa baki ɗaya. Amma duk da wannan ƙanƙanta, sai da al'amarinta ya kai gwamnatin Amurka ta cusa mata 'yan rahoto, ta gurfanar da fastonta gaban alƙali, sa'an nan bayan 'yan shekaru ta komo ta sake duba hukuncin da ta yanke wa dubban masu neman mafaka. Masu ba da wannan labari sukan fara shi daga shekarar 1982, su kuma rataya shi a wuyan mutum ɗaya ko biyu. A ganina sun tauye tarihin, domin abin da ya bayyana a waccan shekara ya fi shekara saba'in yana tsiro a cikin jama'ar da ita kanta ba ta taɓa zama 'yar gida ba.

Ya kamata mai karatu ya fara sanin ɗarikar tukuna. Asalinta yana komawa ga wani malami Bafaranshe, John Calvin, wanda ya tsere daga Faransa saboda tsanantawar da ake yi wa masu ra'ayinsa, ya sauka birnin Janiba a 1536, da kuma almajirinsa John Knox, mutumin Sikotlan, wanda ya yi wata goma sha tara yana tuƙa jirgin ruwan Faransawa a matsayin fursuna, daga bisani ya yi limancin 'yan gudun hijira a Janiba, kafin ya koma ƙasarsu a 1559 ya kafa tsarin da aka gada har yau. Watau dai ɗarikar a hannun muhajirai aka haife ta, ko da yake jikokinta, da suka yi arziki suka zama masu gari a Amurka, da yawansu sun manta da haka. Abin da ya bambanta ta da sauran ɗariku shi ne sha'anin mulki: ba ta da bishop, kowace ikilisiya ita ke zaɓen dattawanta daga cikin jama'a, waɗannan dattawa kuwa su ke zama tare da fasto su yi shawara, a bisansu akwai majalisar gunduma, a can ƙoli kuma Babban Taro na ƙasa. Fasto ba shi da ikon ya ɗauki ɗakin ibada ya yi abin da ya ga dama da shi. Wannan ƙa'ida ta shura a riƙe ta, za ta yi amfani nan gaba.

Ƙasar da Tucson ke zaune a kanta ta wata al'umma ce da ake kira Tohono O'odham, waɗanda Turawa suka daɗe suna ce wa Papago, mutanen hamada masu noman wake da masara da ruwan damina kaɗan. A 1854 Amurka ta kammala sayen wannan yanki daga Meziko a kan dala miliyan 10, aka ja layin iyaka ta tsakiyar ƙasarsu ba tare da an tambaye su ba, dangi suka wayi gari rabi a wannan daula rabi a waccan. Da jirgin ƙasa ya iso Tucson a 1880, gari ya bunƙasa, sai waɗansu daga cikinsu suka taso suka kafa bukkoki a gefensa ta kudu, maza na sayar da itace suna ƙwadago, mata na gina tulunan ruwa suna wanki da aikatau a gidajen Turawa. 'Yan mishan na Firesbiteriya sun riga sun buɗe makarantar kwana ta 'ya'yan 'yan ƙasa a garin tun 1888, kuma a 1906 suka kafa wa mutanen wannan unguwa wurin sujada nasu. Shi ne mafarin Southside.

Ba na son in yi wa wannan mafari kwalliyar da ba tasa ba. Makarantun kwana na wancan zamani, na gwamnati da na mishan, manufarsu ita ce a raba yaro da harshensa da al'adar iyayensa a mai da shi Bature na biyu, kuma ware wa 'yan ƙasa majami'arsu a bayan gari, ko da an yi shi da kyakkyawar niyya, ya dace da zamanin da manyan majami'un tsakiyar gari suke na farar fata. Mutanen nan ba a lasafta su 'yan ƙasar Amurka baki ɗaya ba sai a 1924, a Arizona kuwa ba su sami ikon jefa ƙuri'a ba sai da kotun ƙolin jihar ta yi hukunci a 1948. Amma wani abu ya fito daga wannan wariya wanda masu yin ta ba su nufa ba: tun da yake ɗakin na waɗanda aka tura gefe ne, duk wanda aka tura gefe daga baya ya san inda zai nufa. Sannu a hankali 'yan asalin Meziko na unguwar suka fara shigowa, da Sinawa masu kantunan kayan masarufi waɗanda kakanninsu suka zo da aikin hanyar jirgi, da baƙar fata waɗanda 'ya'yansu ke zuwa makarantar Dunbar da aka keɓe musu har zuwa 1951. Da ikilisiya ta ga ba ta kabila ɗaya ba ce kuma, sai ta ɗauki sunan unguwa.

A tsakiyar shekarun 1950 ta kira wani baƙar fata, Casper Glenn, ya zama fastonta, abin da a wancan lokaci ba ƙaramin al'amari ba ne a cikin ɗarikar da galibinta farare ne. Glenn ya shiga gwagwarmayar hana nuna wariya a gidajen abinci da masaukan Tucson, kuma a hannunsa ne Martin Luther King, jagoran gwagwarmayar 'yancin baƙar fata, ya ziyarci majami'ar a 1959, lokacin da ya zo yin lacca a garin, har ya nemi a kai shi ƙasar O'odham ya gana da shugabanninsu. Bayan tafiyar Glenn jama'a ta ragu ƙwarai, har majalisar gunduma ta fara tunanin rufe wurin. Cikin wannan hali ne, wajen shekarar 1970, wani dogon saurayi ɗan jihar Pensilbeniya mai suna John Fife, wanda ya taɓa yin hidima a ƙasar O'odham yana ɗalibi, ya kuma shiga tattakin neman 'yancin baƙar fata na garin Selma a 1965, ya karɓi limancin 'yan tsirarun da suka rage. Ya zauna shekara 35. Shekaru goman farko sun tafi ne a kan al'amuran unguwa, gidajen talakawa da makarantu da titunan da hukuma ta manta da su, kuma shi da kansa ya sha faɗa daga baya cewa a lokacin bai san kome ba game da ƙasashen Amurka ta Tsakiya.

Can kudu kuwa wuta ta riga ta kama. A El Salbado, ranar 24 ga Maris 1980, aka harbe Babban Bishop Oscar Romero yana tsakiyar ibada, kwana ɗaya bayan ya yi kira ga sojoji a cikin wa'azinsa da su daina kashe 'yan'uwansu. A watan Disamba na shekarar aka kashe mata huɗu Amurkawa masu hidimar coci. Yaƙin basasar da ya biyo baya, wanda bai ƙare ba sai 1992, ya ci rayuka kimanin 75,000. A Gwatamala kuma, inda yaƙi ya ɗauki shekara 36, waɗanda aka kashe ko aka ɓatar sun kai kimanin 200,000, galibinsu manoma 'yan kabilar Maya. Mutanen Tucson sun fara ganin wannan musiba da idonsu ne a watan Yuli 1980, sa'ad da 'yan fasa-ƙwaurin mutane suka yasar da wani ayarin 'yan El Salbado su fiye da ashirin a hamadar Organ Pipe cikin tsananin bazara, ƙishirwa ta kashe 13, waɗanda suka rayu kuwa, bayan sun sha turare da fitsarinsu don su jiƙa maƙogwaro, suna farfaɗowa a asibiti hukumar shige da fice ta fara shirin mai da su inda suka fito. Majami'un garin aka roƙa su taimaka, Southside na cikinsu.

Abin mamaki a nan shi ne, a watan Maris na wannan shekara ta 1980 ɗin Majalisar Amurka ta kafa dokar 'yan gudun hijira wadda ta ɗauko ma'aunin Majalisar Ɗinkin Duniya, watau duk wanda ke da tabbataccen dalilin tsoron zalunci saboda launinsa ko addininsa ko ƙasarsa ko jama'arsa ko ra'ayinsa na siyasa ya cancanci mafaka, ba tare da duban wace gwamnati ce ke zaluntarsa ba. Doka ke nan a takarda. A aikace kuwa, tun da yake gwamnatin Shugaba Reagan tana ɗaure wa sojojin El Salbado gindi da kuɗi da makamai don tsoron kwaminisanci, amincewa da cewa mutanen nan zalunci ya koro su daidai yake da shaidar cewa abokiyarta azzaluma ce. Saboda haka sai ta ce talauci ne ya koro su, neman aiki suka zo. Alƙaluman 1984 sun isa hujja: cikin 'yan El Salbado da Gwatamala da suka nemi mafaka, waɗanda aka ba ba su kai 3 cikin 100 ba, alhali kuwa an ba Iraniyawa 60 cikin 100, 'yan Afganistan 40, 'yan Folan 32.

Mutanen cocin ba su fara da saɓa wa hukuma ba, kuma wannan yana da muhimmanci ga mai son ya yi musu adalci. Sun fara da hanyar shari'a: majalisar majami'un Tucson ta kafa kwamiti, aka tara kuɗin beli, waɗansu har suka ba da takardun gidajensu jingina, aka yi ta zirga-zirga zuwa sansanin tsare mutane na El Centro a Kalifoniya ana cika takardu ana fito da waɗanda aka iya. Sai suka ga iyakar abin da belin ke saya shi ne jinkiri, domin a ƙarshe alƙali zai ƙi, jirgi ya kwashe. A nan ne wani mutum mai suna Jim Corbett ya shigo, ɗan ɗarikar Kweka, waɗanda aka sani da ƙin yaƙi da yin ibada cikin shiru. Ya karanta falsafa a Jami'ar Harvard, ya koma kiwon shanu da awaki a dajin Arizona har ciwon gaɓoɓi ya lanƙwasa masa yatsu, ya kuma san hanyoyin hamadar nan kwari da tudu. A watan Mayu 1981 ya shiga neman wani ɗan El Salbado da 'yan sintirin iyaka suka kama a motar abokinsa, kuma an ce da ya buga waya ofishin hukuma ya faɗi sunansa, sai suka zaci tsohon magajin garin Tucson ne mai irin wannan suna, suka gaya masa inda aka kai mutumin. Abin da ya gani a gidajen tsaro ya sa ya yanke cewa ceton mutum kafin a kama shi ya fi ceton sa bayan an kama shi, sai ya fara ƙetaro da su da kansa, yana sauke su a gidansa da gidajen abokansa, har wuri ya ƙare. Sa'an nan ya je wurin Fife.

Fife bai amsa nan take ba, da ya amsa kuma bai isa ya buɗe ɗakin shi kaɗai ba. Sai da majalisar dattawa ta zauna ta yarda aka fara saukar da baƙi a majami'a. Kafin shekarar 1981 ta ƙare saƙo ya iso daga wajen hukuma cewa an san abin da suke yi, in ba su bari ba za a tuhume su. Mas'ala ta zama ta zaɓi uku: su bari, ko su ci gaba a ɓoye har ranar da za a kama su a kira su 'yan fasa-ƙwauri ba wanda ya ji dalilinsu, ko kuwa su riga hukuma fita fili su faɗi abin da suke yi da abin da ya sa. A watan Janairu 1982 aka kira taron ikilisiya duka, bayan an yi makonni ana nazarin Littafi Mai Tsarki da dokar ƙasa. Aka yi sa'o'i ana muhawara, aka bayyana wa kowa cewa hukuncin ɓoye baƙon da ba shi da takarda yana iya kai wa ga ɗaurin shekara biyar, sa'an nan aka jefa ƙuri'a a asirce don kada kunya ta tilasta wa kowa, rinjaye mai yawa ya amince. Masu jefa wannan ƙuri'a fa ba attajirai ba ne masu lauyoyi a aljihu. Jikokin masu tulu ne da 'ya'yan leburori da malaman makaranta da 'yan fansho, waɗanda da yawansu sun san yadda ake ji in an tsai da mutum a hanya an tambaye shi takardarsa saboda launin fatarsa. Ni a nan nake ganin ƙashin bayan labarin duka, domin da umarni ne ya sauko daga sama, da ya karye ranar da aka kama mai umarnin.

Ranar 24 ga Maris 1982, cikar shekara biyu da kisan Romero, kuma washegarin juyin mulkin da ya kawo Janar Ríos Montt kan mulkin Gwatamala, aka rataya ƙyallaye biyu da rubutun Sifaniyanci a jikin majami'ar, ɗaya na shelar cewa nan mafakar Allah ce ga waɗanda aka zalunta daga Amurka ta Tsakiya, ɗaya na gargaɗin hukumar shige da fice kada ta keta alfarmar wurin. Aka zaunar da wani ɗan El Salbado da fuskarsa a rufe gaban 'yan jarida, aka kuma aika wa Ministan Shari'a William French Smith takarda ana sanar da shi. Waɗansu majami'u a yankin Berkeley na Kalifoniya suka yi irin wannan shela a ranar. A dokar Amurka ɗakin ibada ba shi da wani hurumi da zai hana ɗan sanda shiga, kuma su ma sun san haka. Madogararsu ita ce biranen mafaka shida da Attaura ta ambata a Littafin Ƙidaya, da umarnin kyautata wa baƙo da ke Littafin Firistoci, da al'adar Turai ta da, inda mai laifi kan tsira in ya kai bagade, wadda Ingila ba ta soke ta ba sai a ƙarni na 17. Musulmi mai karatu ba zai ji abin baƙo a kunnensa ba, domin ya san hijirar farko da sahabban Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, suka yi zuwa Habasha, da yadda Ƙuraishawa suka aiko Amru ɗan Asi da kyaututtuka a mai do musu da mutanensu, Najashi kuwa, sarki Kirista, ya saurari Ja'afaru ɗan Abu Ɗalib, ya ƙi ba da waɗanda suka shiga amanarsa.

Bayan shela sai aiki, aikin kuwa ba shi da ƙawa. Kowane dare a jawo kujeru gefe a shimfiɗa tabarmi da barguna a ƙasan ɗakin sujada, wani lokaci mutum hamsin, wani lokaci fiye. Matan ikilisiya su dafa wake da waina ta masara, a nemo likitan da zai duba ƙafafun da ƙaya ta yayyaga da jikin da aka azabtar, a nemo lauya, a nemo mai motar da zai kai iyali gaba zuwa wata majami'a a wata jiha, ranar Lahadi da sassafe kuma a naɗe shimfiɗu a mai da kujeru, baƙi su zauna tare da masu gida. A can ƙetaren iyaka, a Nogales ta Meziko, wani fada na Katolika, Ramón Dagoberto Quiñones, da wata gwauruwa mai suna María del Socorro Pardo de Aguilar su ke karɓar mutane su ciyar da su kafin a ƙetaro. An ƙiyasta cewa waɗanda suka kwana a Southside cikin shekarun 1980 sun haura 13,000, wuraren ibadar da suka yi irin shelarta a faɗin ƙasar kuwa, na Furotesta da na Katolika da na Yahudawa, sun haura 500.

Da tafiya ta yi girma sai saɓani ya shigo, kuma saɓanin ya taɓa ainihin aƙidar gidan. Wata ƙungiyar Shikago da ke tsara rarraba baƙi ta fi son a fifita waɗanda za su tsaya gaban jama'a su ba da shaida a kan siyasar Reagan, domin a wurinta maganin cutar shi ne a tsai da yaƙin. Mutanen Tucson, waɗanda su ke ganin mai ƙishirwa ido da ido, suka ce ba za su tambayi wanda ya zo a guje ra'ayinsa ba kafin su ba shi ruwa, ko sojan gwamnati ya gudo wa ko 'yan tawaye. Corbett ya ƙara da cewa su ba masu saɓa doka ba ne ma tukuna: dokar 1980 da yarjejeniyoyin duniya suna tare da su, gwamnati ce ta saɓa, su kuwa suna zartar da abin da ta ƙi zartarwa. Kowane ɓangare yana da hujja, amma ra'ayin Tucson shi ya fi dacewa da tarihin ɗakin da aka yi shelar a cikinsa.

Hukuma ta yi haƙuri shekara biyu, tana gudun hoton ɗan sanda yana jan mace daga gaban bagade, sa'an nan ta ɓullo ta bayan gida. A 1984 ta sa 'yan rahoto, babbansu wani Jesús Cruz wanda shi kansa ya taɓa yin safarar mutane, suka shiga a matsayin masu taimako, suna cin abinci da jama'a, suna zama a taron addu'a da nazarin Littafi da rikoda a ɓoye cikin riga. A watan Janairu 1985 aka tuhumi mutum 16, aka gurfanar da 11 a kotun tarayya da ke Tucson a watan Oktoba. Tun kafin a fara, alƙali Earl Carroll ya yanke cewa ba za a kawo maganar addini a matsayin kariya ba, ba za a kawo dokar ƙasa da ƙasa ba, ba kuma za a kawo bayanin kashe-kashen da ake yi a El Salbado da Gwatamala ba. Abin tambaya kawai shi ne, sun ƙetaro da mutane sun ɓoye su ko ba su yi ba. Shari'ar da aka cire niyya da larura daga cikinta, sakamakonta sananne ne. Ranar 1 ga Mayu 1986 aka sami takwas da laifi, cikinsu har da Fife, da Fada Quiñones, da gwauruwar Nogales, da wata sista mai suna Darlene Nicgorski. Corbett, wanda shi ya fara abin kuma bai taɓa ɓoyewa ba, aka sallame shi. Ba wanda aka kai kurkuku, ɗaurin talala aka yi musu, na Fife shekara biyar, aikin kuwa bai tsaya ko dare ɗaya ba, tun da ba a hannun waɗanda aka kama kaɗai yake ba.

Abin da aka hana faɗa a wannan kotu, a wata kotu aka faɗe shi. Tun 1985 ƙungiyoyin addini da na lauyoyi suka kai gwamnati ƙara a Kalifoniya a kan nuna bambanci wajen ba da mafaka, kuma a farkon 1991 gwamnati ta zaɓi sulhu: ta yarda a sake sauraron 'yan El Salbado da Gwatamala sama da 200,000, ta kuma sa hannu cewa siyasar waje ba ta da hurumi a cikin hukuncin wanda ya cancanci mafaka. Kafin wannan, a 1990, Majalisa ta riga ta ba 'yan El Salbado izinin zama na wucin gadi. Ɗarikar da kanta ta kai ƙarar leƙen asirin da aka yi wa majami'unta, kotun ɗaukaka ƙara kuma ta yarda a 1989 cewa cocin da tsoron rikoda ya kori masu ibadarsa yana da hakkin ya nemi shari'a. A 1992 Babban Taron Firesbiteriya na Amurka ya zaɓi John Fife shugabansa na shekara, mutumin da takardar kotu ke kira mai laifi.

Da ƙura ta lafa, ikilisiya ta gina sabon ɗakin sujada a farkon shekarun 1990, ta kuwa ƙi siffar da aka saba, ta dogon zaure mai mimbari a gaba da layukan kujeru a baya. Ta yi shi kewayayye, a kan fasalin ɗakunan taro da ibada na dā na mutanen Pueblo waɗanda ake kira kiva, da manyan azarori na itacen daji, kujeru suna zagaye da teburin Jibin Ubangiji da ke tsakiya, yadda kowa na kallon fuskar ɗan'uwansa, mai kuɗi da wanda ya kwana a titi. A sujadarsu ana jin Turanci da Sifaniyanci da harshen O'odham, da waƙoƙin bishara irin na majami'un baƙar fata. Safiyar Litinin da Jumma'a ana buɗe wa marasa gida su ci abinci su yi wanka su canja tufafi, kuma tun 2006 harabar majami'ar ta zama matattarar leburori masu aikin yini, inda suke jiran mai ɗauka bisa ladan da suka yanka da kansu, domin kada a yi musu wulaƙancin da ake yi wa wanda ke tsaye a bakin titi ba shi da takarda.

Hamadar kuwa ba ta huta ba. A 1994 gwamnati ta ɗauki dabarar toshe mashigan birane irin su San Diego da El Paso da Nogales da katanga da dakaru, da lissafin cewa wahalar daji za ta hana mutane zuwa. Mutane ba su fasa ba, sai dai suka bi ta inda ba ruwa, kuma ofishin binciken gawa na gundumar Pima, wadda Tucson ke cikinta, ya karɓi gawarwaki da ƙasusuwan mutum sama da 3,000 tun daga shekarar 2000. Daga Southside da maƙwabtanta ne ƙungiyoyin kai ruwa suka fito: Humane Borders a 2000 da gangunanta masu shuɗiyar tuta, Samaritans a 2002, No More Deaths a 2004. A 2005, shekarar da Fife ya yi ritaya, aka kama matasa biyu masu aikin sa kai suna ɗauke da mutum uku marasa lafiya daga daji zuwa wurin likita, aka yi watsi da tuhumar a shekara mai zuwa.

A 2014, zamanin Shugaba Obama, ƙarƙashin fasto mace, Alison Harrington, ikilisiya ta sake buɗe ɗakin, amma baƙin wannan karo ba daga hamada suka fito ba, daga cikin gari suka fito, mutane ne da suka yi shekaru a Tucson suna aiki suna renon 'ya'ya, ƙaramin laifin tuƙi ya jefa su hannun hukuma. Na farko magidanci ne, ya yi kamar wata guda aka ɗage korarsa. Ta biyu uwa ce mai 'ya'ya maza biyu, mai aikin share gidaje. Hausawa na cewa baƙo raɓa ne, amma wannan baiwar Allah kwana 461 ta yi a wani ɗan ɗaki na majami'ar ba ta taka waje ba, daga Agusta 2014 zuwa Nuwamba 2015, jama'a na karɓa-karɓar kwana tare da ita, ana taron addu'a kowace yamma, gidajen garin da yawa sun kafa alluna a ƙofa suna goyon bayanta, har lauyarta ta cim ma yarjejeniya da hukuma ta koma gida. Abin da ya kare ta a tsawon wannan lokaci wata takardar umarni ce ta 2011 wadda a cikinta hukumar shige da fice ta hana jami'anta kame a wuraren ibada da makarantu da asibitoci sai da larura, umarni ne na ofis, ba doka ba. A watan Janairu 2025 gwamnatin Shugaba Trump ta soke wannan kariya. A watan Fabrairu ƙungiyoyin Kirista da na Yahudawa 27, cikinsu har da Babban Taron Firesbiteriya, suka kai ƙara a Washington, suna cewa tsoron kame yana korar masu ibada yana kuma hana su sauke wajibin karɓar baƙo. A watan Afrilu mai shari'a ta ƙi ba su umarnin dakatarwa na wucin gadi, bisa dalilin cewa ba su kawo isasshiyar shaidar cewa cutarwar ta gabato ba.